Kifin da Ake Yaudara da Gashin Zakara

Daren da ruwan farko ya sauka a Ashige, kan hanyar Lafiya zuwa Shendam, shinge kan fito ya rufe fitilu, yara su bi shi da kwanuka. Wanda ya gangara rafi washegari zai tarar da ragowarsa birjik a kan ruwa, kawara na ɗagowa tana wawura. Masunci ya san wannan tun yana yaro: abin da ya faɗo a ranar, shi kifi ke ci. A kan wannan sanin Turawa suka gina wani salon fatsa sukutum, wanda babu tana a cikinsa, babu ƙoto ko ɗigo.

Ƙugiyar ƙarama ce, wata ba ta kai farcen ɗan yatsa ba. A naɗa mata zare, a ɗaura gashin wuyan zakara da ɗan gashin zomo, har ta fito sak ƙwaro mai fiffike. Da yake ba ta da nauyi, igiyar aka yi wa kauri don ta ɗauki jifa. Mai su zai shiga ruwa iya gwiwa, ya riƙa kaɗa sanda gaba da baya kamar mai bulala, sannan ya sauke ƙwaron a hankali sama da inda kifin yake, ruwa ya gangaro da shi. Da zarar igiya ta ja shi ya yi tafiyar da ba ta ƙwaro ba, kifin ya gano dawar garin, ya juya abinsa.

Kifin da ake wa wannan wahala sunansa tirawut, mai ɗige-ɗige a jiki, ɗan ruwan sanyi. Ya fi walwala a ruwan da bai wuce digiri 16 ba. In ya haura 20 sai ya fara galabaita, domin ruwan ɗumi ba ya riƙe iskar shaƙa sosai. Shi ya sa ba a samunsa a kogin Mada ko na Binuwai.

A Ingila ana buɗe kamunsa a watan Maris ko Afrilu, daidai lokacin da mutanen Lafiya ke neman inuwa. Can kuwa sanyin hunturu ne ke janyewa, kifin ya rame, yana lafe a gurbi mai zurfi. Sammako ba ya biyan buƙata. Da safe sai dai a nutsa ƙugiya mai ɗan nauyi, mai kama da tsutsar ƙwaro, ta bi ƙasan ruwa. Wajen azahar ƙwarin ke ƙyanƙyashewa su taso, wani lokaci abin ba ya kai awa ɗaya, kuma wanda ya tafi cin abinci a lokacin ya yi asarar yininsa.

Sana'ar ta tsufa. Wajen shekara ta 200 Miladiyya, marubucin Rum mai suna Aelian ya ba da labarin mutanen Masedoniya masu naɗa jan ulu da gashin zakara a ƙugiya. A 1905 Ewart Grogan ya kawo tirawut Kenya, aka zuba a kogin Gura mai gangarowa daga duwatsun Aberdare. Yau 'yan Kenya na ɗaura irin waɗannan ƙwari da hannu ana kai su kasuwannin Turai da Amurka.

Abin da ya fi kusa da gida shi ne kogin Faro na Kamaru, wanda ke zuba a Binuwai. Daga Janairu zuwa Afrilu, ruwa ya ja baya ya yi garau, baƙi na biyan maƙudan kuɗi su zo kama tsage da rana, giwan ruwa da dare, da manyan ƙugiyoyin gashi masu siffar ƙaramin kifi. Su ɗauki hoto, su mai da kifin ruwa. Masuncinmu zai ce wannan wasa da abinci ne, kuma ba a ga laifinsa ba. Sai dai tsagen da suke biya don su taɓa, shi ne dai wanda ke yaga kalli a Tunga da Loko, bakin Binuwai.