Ba kullum laifin netwok ba ne: abin da ke maƙale tiransifa a Jimeta

Da albashi ya faɗo a ƙarshen wata, sai a koma gidan jiya a Kasuwar Jimeta. An cire kuɗi daga asusun mai saye, alat bai iso wa mai shago ba, buhun shinkafa na kan baro ana jira. Ɗan POS ya ɗaga na'ura sama ya ce netwok ne. Sau da yawa ba shi ba ne. Saƙon ya isa lafiya, rumbun bayanan da zai rubuta shi ne aiki ya fi ƙarfinsa, kuma wannan ciwo ne mai magani.

Asiri ya tonu ne a farkon 2023, lokacin da canjin takardun naira 200, 500 da 1,000 a zamanin Godwin Emefiele ya kwashe tsabar kuɗi daga hannun jama'a. Har mai kayan miya ya koma karɓar tiransifa. Manhajojin bankuna da dama suka riƙa durƙushewa, jama'a suka yi tururuwa zuwa OPay, PalmPay da Moniepoint.

Ga inda gizo ke saƙa. Kowace tiransifa rubutu ce a faifan ajiya: a rage nan, a ƙara can, a tabbatar. Shi kuwa faifai yana da iyakar abin da zai rubuta cikin daƙiƙa guda. Wanda ya sayi injinsa ya girke, yakan auna shi ne da cinikin yau da kullum. Ranar jajibirin Sallah buƙatu su yi layi, wasu lokacinsu ya ƙare kafin a zo kansu, kuɗin mutum ya rataye. Ƙarin inji kuwa sai an yi odarsa daga waje an jira.

Wanda ya yi hayar rumbu a gajimare, wato injinan Amazon, Google ko Microsoft da ake amfani da su ta intanet, yana da mafita. Tsarin da kansa yake lura, in wuri ya kusa cika ya ƙara, kuma a wasu nau'o'in faifai sauri yana ƙaruwa tare da girma. Tun 2019 Amazon ya saka wannan a RDS, tsarinsa na hayar rumbun bayanai.

Masu ɗora laifi kan wuta da waya suna da ɗan abin faɗa. Wanda ya ga duhun da ya rufe yawancin Arewa a Oktoban 2024 ba zai musa ba, kuma gajimare ba ya ɗinke wayar da aka datse. Sai dai wannan bai bayyana yadda waya ɗaya, a rumfa ɗaya, manhaja guda ke tafiya wata na juyi ba.

Haɗarin gaskiya a aljihu yake. Farashin hayar da dala ake auna shi, dalar da ta tashi daga wajen naira 460 a tsakiyar 2023 ta haura 1,500 a 2024. Sannan a RDS rumbu yana ƙaruwa da kansa amma ba ya raguwa da kansa, cunkoson yini guda sai ya zama kuɗin haya na kowane wata. Kamfanin da bai sa wa tsarin iyaka ba zai sha mamaki, kuma abokin hulɗa ne zai biya.

Duk da haka tsada ba hujja ba ce. Ya kamata Babban Banki ya tilasta wa kowane banki bayyana yawan tiransifar da ta faɗi masa a ranakun albashi da Sallah, ɗan kasuwa ya san inda zai kai kuɗinsa.