'Ya'yan Shaɗaranji a Matsayin Baƙaƙen Rubutu

Wanda ya tashi daga Kaoje, a ƙaramar hukumar Bagudo ta Jihar Kebbi, ya bi ta Tsamiya ya nufi Segbana a ƙasar Binin, zai bar inda ake karatun boko da Ingilishi ya shiga inda ake yinsa da Faransanci. Wannan bambanci ya shafi har wasan shaɗaranji, watau darar nan ta gidaje 64 wadda Turawa ke kira ces.

Masu wasan sun saba rubuta kowane motsi don a adana shi, suna ba yawancin 'ya'yan harafin farko na sunayensu. Ɗalibin Kaoje zai sa K a madadin sarki, R kuwa a madadin hasumiya. Amma takwaransa na Segbana, in ya ga R, sarki zai ɗauka, domin da wannan harafi sunan sarki ya fara a Faransanci. Ke nan wasa ɗaya ne, rubutu biyu, kowa yana iya karanta na ɗan'uwansa a karkace. Ko sunayen ma ba su zo ɗaya ba: ɗan da Ingilishi ke kira limamin coci, wawa ne ga Faransawa, giwa ne ga Larabawa.

Maganin da aka samo shi ne a bar harafi, a zana siffar ɗan wasan kanta a cikin layin rubutu. Mujallar Informator, wadda aka fara bugawa a Belgired a 1966, ta taimaka ƙwarai wajen yaɗa wannan hanya.

Da kwamfuta ta zo, sai aka sami sabuwar wahala, gama na'ura ba ta san harafi ba, lamba kaɗai ta sani. Saboda haka aka kafa tsarin Unicode, wanda ya fara fitowa a 1991, don a ba kowace alamar rubutu lamba tata wadda ba ta sākewa daga wata ƙasa zuwa wata. Tun farkon shekarun 1990 aka keɓe wa shaɗaranji gurabe 12, daga U+2654 zuwa U+265F. Shida na farare ne: sarki ♔, sarauniya ♕, hasumiya ♖, giwa ♗, doki ♘, da dakare ♙. Sauran shidan na baƙaƙe ne, bisa wannan jeri. A 2018 aka buɗe wani sashe dabam aka sa 'ya'yan darar Sin, sa'an nan a 2019 aka ƙara alamun da masu tsara wasannin wasa ƙwaƙwalwa ke bukata.

Sai a lura, abin da ke tafiya tsakanin waya da waya lamba ce, ba hoto ba. Na'urar da ta karɓa ita ke zana siffar daga cikin zanen haruffan da ke gare ta. In babu, sai ta nuna ɗan akwati wayam. Marubucin Hausa ya san wannan ciwo, domin haka ƙ da ɗ da ɓ ke yi masa, alhali kuwa kowannensu yana da lambarsa: ta ƙ ita ce U+0199, ta ɗ U+0257, ta ɓ U+0253.

Darar gargajiya da ake haƙa wa gurabe 30 a ƙasa, kowane mai wasa da 'ya'ya 12, ba ta bukatar siffofi da yawa, don 'ya'yanta ba su da sarki ba su da bawa. Alamu biyu sun isa, ● da ○, kuma duk suna cikin tsarin. Abin da ya rage shi ne masana su daidaita kan yadda za a laƙaba wa gurabenta suna, yadda wasan da gwanaye suka yi a gindin bishiya zai zauna a takarda bayan iska ta share gurbin.