Bayan An Naɗe Tabarmar Makoki

Mu Hausawa mun iya makoki. In aka yi rasuwa a Dangamaji ko Kimba, kafin maza su dawo daga maƙabarta an shimfiɗa tabarmi a ƙofar gida, maƙwabta sun ɗora tukwane, kwanukan tuwo na ta shigowa. Kwana uku ana "ya haƙuri?" ana amsa "da godiya". A yi sadakar uku, wasu su ƙara da ta bakwai da ta arba'in. Daga nan sai a naɗe tabarmi, na Sakkwato ya koma, na Legas ya hau mota a tashar Jega, gida ya yi tsit. A lokacin ne kewa ke fara aikinta, a lokacin ne kuma muka fi sakaci da wanda aka bari.

Matar da mijinta ya rasu tana da takaba ta wata huɗu da kwana goma, ana leƙo ta, ana taya ta zama. Dattijon da ya rasa matar da suka shekara arba'in tare ba shi da ko wannan. Washegari ana sa ran ganinsa a sahun gaba. Marigayiyar ce ta san ba ya son fura mai tsami, ita ke tashinsa da asuba, da ita yake 'yar sa-in-sa a kan kuɗin cefane. Kunya ta hana shi faɗin yana sonta tana raye, yanzu kuma ta hana shi faɗin yana kewarta. Sai dai a ga yana rama, a ce tsufa ne.

Addini bai ɗora wa kowa wannan shirun ba. Shekarar da Nana Khadija da Abu Ɗalib suka rasu, shekara ta goma da aiko Annabi (SAW), ita ake kira shekarar baƙin ciki. Shekaru bayan haka, in ya yanka akuya yakan aika wa ƙawayen Khadija da nama, yana ambatonta har Nana A'isha ta ji kishi. Ya zubar da hawaye ranar da ɗansa Ibrahim ya rasu. Shi ɗin ne kuma ya yi tseren gudu da A'isha, ya yi salla ɗauke da jikarsa Umama. Don haka gwauruwar da aka ji tana dariya bayan ta fita takaba ba ta ci amanar kowa ba, masu taɓe baki su ji tsoron Allah.

An san Aliero da albasa da kuma ɗori. Duk wanda ya taɓa kai mai karaya wurin maɗora ya san ɗaure ƙafa rabin aiki ne. In ƙashi ya kama, sai maɗori ya ce a fara takawa, ko da zafi, ko da sanda, domin ƙafar da aka bari a kwance sandarewa take yi. Haka zuciyar tsoho. Kuskuren da 'ya'ya ke yi, da kyakkyawar niyya, shi ne "Baba, ka huta". A karɓe gona, a hana shi zuwa kasuwa, a riƙa turo kuɗi ta waya duk wata. Alhali ko bai iya duƙawa a fadama ba, hannunsa ya san albasar da ta fara ruɓa tun ido bai gane ba, ya san wadda za ta jure ajiya har ta yi tsada, ya san dillalin da ba a ba shi bashi. A zaunar da shi a inuwa lokacin tsince albasa, a tambaye shi, a bar shi ya yi faɗa in an yi ba daidai ba. Haka tsohuwa da daddawarta ko ƙuli-ƙulinta. Ribar ba ta taka kara ta karya ba, amma yaran da ke sallama a ƙofarta da safe suna cewa "a ba mu na hamsin" su ne ke sa ta tashi ta ɗaura ɗankwali.

Masana sun bi diddigin wannan. Tun 1938 Jami'ar Harvard ta Amurka ke bin rayuwar ɗaruruwan mutane daga samartaka zuwa tsufa, kuma abin da ya fi fitowa fili shi ne masu kyakkyawar hulɗa da iyali da abokai sun fi lafiya da kwanciyar rai a ƙarshen rayuwa. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa kwamiti na musamman kan kaɗaici. Mu kuwa muna da maganin a gida muna wasa da shi.

Dubi wasan jika da kaka. Yaro ɗan shekara bakwai ya shigo ɗaki ya ce, "Ke tsohuwa, har yanzu kina nan kina cinye mana tuwo?" Ta ɗaga muciya ta ce, "Kai da ba ka ba ni ko sisin cefane ba, wane irin miji ne kai? Na fasa auren!" Jikanya kuwa kishiya ce, har gorin haƙora ake yi. Ba wanda ya isa ya yi wa tsohuwa zancen mutuwa cikin raha sai jika, ita kuma ba ta sakin jiki da kowa kamar shi, tunda ɗan farinta ma kunyarsa take ji. Iyayen da suka tare a birni suke hana yara zuwa hutu ƙauye wai kada su ɓata Turanci, su san me suke ƙwacewa daga ɓangarorin biyu.

Sai batun aure, wanda ake jin nauyin tayarwa. Dattijo ya ce zai sake aure, 'ya'ya su tashi haiƙan, a baki kishin uwarsu, a zuci lissafin gado. Tsohuwa ta sami manemi, a ce abin kunya ne. Kakanninmu sun fi mu sauƙin kai: suna da auren ɗauki-sandarka, inda mace ke zaune a ɗakinta cikin jikokinta, miji ya riƙa zuwa ana hira ana cin tuwo. Ba gida ake nema ba, abokin magana ake nema.

Ba kowane janye jiki ne kewa ba. Tsoho da yawa ya daina zuwa majalisa ne don ba ya jin abin da ake faɗa, ko yanar ido ta hana shi gane fuskoki, yana kunyar ya gaida mutum da sunan wani. Aikin cire yana ba ya ɗaukar dogon lokaci, kuma galibi gani na dawowa. In kuma watanni sun shuɗe bayan rasuwa mutum ba ya ci, ba ya barci, ya bar abin da yake so a da, yana yawan cewa gara shi ma ya tafi, to wannan ya wuce "sai haƙuri". A haɗa addu'a da asibiti, a auna jininsa da sukarinsa, a kuma gaya wa likita ƙarara cewa tun ranar da aka yi rasuwar ya koma haka.