Ludayi da Koshiya a Lakwaya

Turawa kan ware ɗaki guda su jera cokulan azurfa don masu zuwa kallo. Mu a Lakwaya, ƙasar Gwarzo, ɗakin tsohuwa ke wannan aikin. Can za ka ga ludayin duma: a bar shi ya bushe, a raba biyu, a kankare ɗacin cikinsa, sannan ya shiga fura. Ga koshiyar da masassaƙi ya fafe daga itace, ga mara ta kwasar tuwo. Ludayin roba ya fi araha, amma ni ban yarda da shi cikin kunu mai zafi ba. Mai son saye ya nufi Kasuwar Kurmi a Kano, wajen masu ƙorai.