Daga Maraɗi zuwa Damagaram: lissafin gudun mota

Tsakanin Maraɗi da Damagaram akwai kimanin kilomita 240 bisa gudron. Direban da allurar motarsa ke nuna 80 yakan yi wa fasinja alkawarin isa cikin awa 3, amma sau da yawa alkawarin bai cika. Dalili kuwa, allura tana nuna gudun wannan lokacin ne kaɗai. Abin da ya shafi ɗan kasuwa da ma'aikaci shi ne matsakaicin gudu, wato a raba dukan nisan tafiya da dukan lokacin da ta ci, har da na tsayawa.

In aka tsaya awa 1 a Tasawa don salla da abinci da binciken jandarma, tafiyar ta zama awa 4, matsakaicin gudu ya sauka zuwa 60.

Kamiyon da ya tafi wayam da gudun 80, ya komo da lodin albasa da gudun 40, mutane da dama za su ce matsakaicinsa 60 ne. Ba haka ba ne. Ya yi awa 3 zuwa, awa 6 komowa: kilomita 480 cikin awa 9, wato kimanin 53.

Direban da ya kai gudunsa 100 don rama lokaci, minti 36 kawai zai samu, alhali nisan da birki ke buƙata kafin mota ta tsaya ya ƙaru da fiye da rabi. Wanda ya rage tsaye-tsaye ya fi shi riba, kuma bai sa ran fasinja cikin haɗari ba.