Kafin ku ci bashin asusu don buji mai kala

A wannan fitowar za mu tsaya kan wata sana'a da ta fara shiga bakin mata a wurin taro, wato haɗa buji mai kala, wanda ƴan uwanmu na Najeriya ke ce wa kyandir. Da yawa cikinmu sun gan shi a bidiyon salula: mace ta narka farin kaki, ta ɗiga kala, ta zuba a kofin gilashi, sai ga abu ya fito sumul gwanin sha'awa. A bidiyo minti biyu ne. A tsakar gida kuwa, da kuɗin da za a maido wa asusu ƙarshen wata, aikin ya fi haka tsawo, kuma wurin da aka fi yin asara shi ne wurin kala da wurin mai sayar da ita.

Wa zai saya?

Ba mu manta da duhun 2023 ba. Bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, Najeriya ta yanke wutar da take ba mu a farkon Agusta, alhali a lokacin kusan kashi 70 cikin 100 na lantarkin Nijar daga can yake zuwa. CEDEAO ta ɗage takunkumi ranar 24 ga Fabrairun 2024, amma har gobe ana ɗauke wuta a Damagaram, musamman da bazara. Sai mace ta ce ai kasuwar buji ta buɗe.

To a nan sai a yi hattara. Mai neman haske kawai cocila yake saye, ko fitila mai caji da rana, ko farin bujin kamfani da ake kawowa katan-katan da araha. Mace mai murhu ɗaya ba za ta karya farashin kamfani ba. Wanda zai sayi naku shi ne mai neman ado da ƙamshi: uwar amarya mai jeren ɗaki, mai rabon kyauta a biki ko suna, mai masaukin baƙi. Kin ga ke nan kalar ce ake biya. In ta fito ras, an sayar. In ta yi dabbare-dabbare ko ta koɗe, an koma gasa da bujin dala goma, kuma nan ba riba.

Kaki iri uku ne

Na farko farafin, daga man fetur ake samo shi. Shi ne na bujin kanti. Yana da tauri, yana karɓar kala sosai, kuma wanda ake yin buji mai tsayuwa da shi sai zafi ya kai wajen digiri 55 zuwa 60 yake narkewa.

Na biyu kakin zuma, wanda za a iya samu wurin masu zuma. A tafasa saƙar da ruwa, a tace da ƙyalle, in ya huce kakin ya taso sama ya daskare. Shi ya fi jure zafi, sai digiri 62 zuwa 64. Sai dai da ruwan ɗorawarsa yake zuwa, don haka in aka sa masa shuɗi, kore zai ba ki.

Na uku shi ne wanda bidiyo ke yayi, kakin waken suya. A Amurka aka fara yin buji da shi a farkon shekarun 1990. Kar sunan ya ruɗe mu: ba a yin sa a gida da waken da muke awara. A masana'anta ake tatse man waken, a sarrafa shi da wata iska har ya daskare, daga waje kuma ake shigo da shi. Fari ne kamar madara, mai laushi, in kika murza da yatsa sai ya bar maiƙo. Wanda ake zubawa a kofi yana narkewa tun wajen digiri 50. Mu da muka san Afrilu da Mayu a garin nan, inda zafi ke wuce 40 a inuwa, mun san abin da zai same shi a shagon kwano ko a saman mota. Saboda haka a mazubi ake barin sa, kofi ko gwangwani, in kuma ana so ya ƙara tauri a haɗa masa kakin zuma kaɗan.

Wasu za su so zuba shi a ƴan tukwanen ƙasa irin na Miriya, don sun fi kyau a ido. Tukunyar ƙasa tana shan kaki kamar yadda take shan ruwa, in ta jiƙu kuwa ita kanta tana iya kamawa da wuta. A sa ƙaramin gwangwani a ciki, a zuba kakin a gwangwanin.

Kalar ruwa daban, kalar mai daban

Mu Hausawa ba baƙin rini ba ne. Marinar Ƙofar Mata a Kano, ana cewa tun 1498 ake tsoma zane a babanta. Dukawanmu sun daɗe suna jan fata da karan dafi. Sai dai duk wannan rinin da ruwa ake yin sa, shi kuwa kaki dangin mai ne, ruwa da mai kuma ba su haɗuwa.

Shi ya sa galura ta rinin atamfa, da kalar abinci ta kek da alawa, da kalar sabulun ruwa, da ruwan zoɓo, duk ba su shiga kaki. Za ki gan su suna yawo ɗigo-ɗigo, daga baya su kwanta a gindi. Mai ruwa a cikinsu kuma yakan sa buji ya riƙa tartsatsi in an kunna. Akwai wani rukunin da ke yaudara, kamar bula da hodar fenti da fensirin kala na yara mai kama da kaki. Su suna ba da launi a ido, amma gari ne mai laushi da bai narke ba. Lagwani yana tsotsar kaki ne kamar yadda tsumma ke tsotsar ruwa, garin sai ya toshe shi, wutar ta yi ƙanƙanta ta mutu. Mai saye za ta kunna sau ɗaya, ba za ta dawo ba.

Abin da ake nema shi ne kala mai narkewa a mai. Tana zuwa a gari, ko ɓarɓashi, ko ruwa-ruwa mai maiƙo, kuma kaɗan take isa, kamar giram 2 ko 3 a kilo. Gane ta ba wuya. A samu kofi biyu, ɗaya da ruwa, ɗaya da man gyaɗa mai ɗumi, a sa ɗan mitsitsi a kowane. In ta rine ruwan, ta sabulun ruwa ce. In ta narke a man ya yi garau ba tsaki a ƙasa, ita ce ta buji. Cokali biyu na mai ya isa wannan gwajin, ana iya yin sa a gaban mai kaya.

Mai son na gida za ta iya jiƙa gangamau a narkakken kaki ta tace da ƙyalle mai kyau, zai ba ta rawaya, sai dai yana saurin koɗewa a rana. Sannan a kiyaye: kalar buji ba ta jiki ba ce, ba ta ci ba ce. Kar ragowarta ta shiga man shafawa ko alawar yara.

Ko da kalar ta ƙwarai ce, akwai halin kaki da ya kamata a sani. Yana da zafi ya fi duhu, in ya huce ya yi haske, don haka a ɗiga kaɗan a farin faranti a jira ya daskare kafin a yanke hukunci. Kakin waken suya ba ya yin ja wur. Ja a wurinsa ruwan hoda ne, in aka matsa da ƙarin kala sai hayaƙi. Bayan ƴan kwanaki yakan fitar da fari-fari a jikin kofi, musamman da hunturu, lokacin da dare ke sanyi rana ke zafi. Wannan bai hana shi ci, amma ya fi fitowa a kala mai duhu, shi ya sa launi mai haske ya fi dacewa da shi.

Mu da mai kaya

Yawancin kayan haɗin nan ta Kano suke biyowa, tafiyar kusan kilomita 240, ko ta Matamaye da Ɗan Barto ko ta Magarya. Kafin kala ta iso Kasuwar Dole ta bi hannu uku ko huɗu. A gwangwani mai rubutu ta baro kamfani, a ƙullin leda ba suna take iso mu. Sau da yawa shi kansa mai teburin bai san ta mece ce ba. "Kala" kawai ya sani, ja ko kore, mai sabulu da mai buji da mai rini duk ita yake miƙa musu. Wani lokacin ba ha'inci ba ne, rashin sani ne. Amma kuma gari abu ne mai sauƙin algus, kuma farafin da aka kankare yana iya wucewa a matsayin kakin waken suya a idon wadda ba ta taɓa riƙe shi ba.

Garin nan ya san yadda ake ciniki da baƙo. A zamanin Sarki Tanimun, a ƙarni na 19, ayarin da ke tsakanin Tarabulus da Agadas da Kano a Zango yake sauka. Baƙon ɗan kasuwa yana da mai masauki da ke tsaya masa, ga dillali da ke cin la'ada don ya shaida kaya da kuɗi. In abu ya ɓaci, an san ƙofar da za a buga. Yau mai talla a WhatsApp ba shi da mai masauki. Hoto yake turowa, ya ce a aika kuɗi tukuna.

Mu kuma muna da namu tsarin. Tun 1991 da ƙungiyar CARE ta fara Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, abin da ya riƙe asusu har wasu ƙasashe suka kwaikwaya shi ne komai a gaban kowa ake ƙirga shi. Sayen kaya ma haka ya kamata ya zama. Ga abin da ƙungiya za ta iya tsayawa a kai:

Mace biyu su je saye, ɗaya cikinsu mai rubutu. A fara da ƙulli ɗaya na gwaji, a haɗa buji uku, a bar su sati ɗaya ko biyu, a kunna ɗaya har ya ƙare. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

A nemi ganin gwangwani ko buhun da aka ɗebo, a ɗauki hoton rubutun jikinsa da salula. Da wannan hoton za a nemi irinta gaba, ko a wurin wani.

In gwaji ya yi, a sayi abin da zai isa aikin gaba ɗaya daga gwangwani ɗaya. Jan watan nan da jan watan gobe ba lallai su zo ɗaya ba, uwar amarya kuwa ta ce 40 iri ɗaya take so.

A auna a sikeli a gabanku. A yanke farashi da sefa, a faɗi ranar da zai tsaya a haka, don tun da aka saki naira a Yunin 2023 farashin Kano bai zauna wuri ɗaya ba.

Wanda ba a san shagonsa ba, kuma ba wanda ya tsaya masa, ba a tura masa kuɗi duka. Rabi in an yi magana, rabi in kaya sun iso an gwada.

Kar a karɓi kuɗin mai biki a kan kalar da ba ta hannu. Iyaka ta yi wata bakwai da wani abu a rufe, daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, kowa ya ga yadda kayan Kano suka yi wuya.

Shi ma mai kayan yana da haƙƙi a kanmu. Yawancinsu ƙananan ƴan kasuwa ne kamar mu, da ɗan jarinsu. In ya ba da bashi a biya ranar da aka ce. In kala ba ta yi ba, a koma masa da wuri da bujin a hannu da ragowar ƙullin, a yi magana cikin mutunci. Wanda ya canza muku ba gardama, ku riƙe shi ko da ya ɗara na kusa da shi da dala biyar, ai sayen nagari mai da kuɗi gida ne. In ƙungiyoyi biyu ko uku na unguwa suka haɗa kuɗi, za su iya sa ya kawo gwangwani guda ba a fasa ba, da rubutunsa da komai.

Lissafi da wuta

Mu ɗauki misali. A ce an sayi kaki kilo 5, kowane kofi yana cin giram 100. Kofi 50 ke nan. A cire 5 na gwaji da wanda zai lalace, saura 45. In kaki da kofuna da lagwani da turare da kala da gawayi da kuɗin mota sun tashi jika 45, to kowane kofi ya ci jika 1 kafin a sa ladan aiki. A cikin wannan lissafin kala ce mafi araha, amma ita ke iya kashe sauran duka. Kakin da aka rina ba a wanke shi. Ana iya sake narka shi, sai dai zuwa launi mai duhu, turaren ciki kuma ya ragu. Don haka mai rubutu ta buɗe shafi na musamman: ranar saye, wurin wa, giram nawa a kilo, yadda ya fito. A ɗiga kakin kowane haɗi a jikin takardar don a riƙa kwatantawa.

Batun wuta kuma ba wasa. Ba a ɗora kaki kai tsaye a kan murhu. A tafasa ruwa a babbar tukunya, a sa ƙaramar tukunyar kakin a ciki. In ya kama, kar a zuba ruwa, ruwa tashin sa yake yi. A rufe da murfi ko a zuba rairayi. A ware tukunyar aiki daga ta abinci, a yi aikin a fili, yara na nesa, goyo ma a sauke shi. Lagwani na zaren auduga zalla za a saya. Mai waya a tsakiya a bar shi in ba a san ƙarfen ba, don Amurka ta haramta mai dalma tun 2003 saboda gubar hayaƙinsa.

Ƙungiyar da ke da niyya, ta kawo kofi biyu da ɗan man gyaɗa da ƙullin kalar da aka samo ranar zubi mai zuwa. A gwada a gaban kowa, a rubuta abin da aka gani, sannan a yi maganar nawa za a ciro daga asusu. Allah ya sa albarka a nema.