Yadda Lantarki Ke Sa Ido Ganin Haske Ko Babu Fitila

Mukan ji ana cewa an kwaɗa wa wane mari har sai da ya ga wuta. Maganar tana da tushe a kimiyya. Ko a ɗaki mai duhu, idan muka rufe ido muka ɗan danna shi, mukan ga walƙiya, alhali babu hasken da ya shiga. Daga ina take fitowa?

Amsar tana can bayan ƙwayar ido, a wani siririn tantani da ake kira retina. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu karɓar haske iri biyu: masu siffar sanda, kimanin miliyan 120, da ke taimaka mana gani da dare, da masu siffar mazurari, kimanin miliyan 6, da ke bambance launi. Aikinsu shi ne su mayar da haske ya zama saƙon lantarki. Saƙon ya bi ta wasu ƙwayoyin, ya shiga jijiyar ido, ya isa ƙwaƙwalwa. Ita ƙwaƙwalwa, duk saƙon da ya zo mata ta wannan hanya, haske take ɗaukarsa, ko da dannawa ce ko lantarki ya tayar da shi.

An daɗe da lura da haka. A 1755 wani masani a Faransa, Charles Le Roy, ya ratsa lantarki ta kan wani makaho. Makahon ya ga abu kamar harshen wuta, amma ganinsa bai dawo ba.

Wannan ilimi ya yi rana a kan wata cuta da ake gado, retinitis pigmentosa, wadda kan fara da dundumi. Tana kashe ƙwayoyin karɓar haske sannu a hankali, amma da yawa daga cikin masu isar da saƙo suna nan da rai. Sai masana suka ce, tunda hanya tana nan, me zai hana a aika saƙon kai tsaye?

Haka aka ƙera na'urar Argus II a Amurka. Turai ta amince da ita a 2011, Amurka kuma a 2013. Mutum zai sa tabarau mai ƙaramar kyamara. Wata 'yar kwamfuta da yake ratayawa ta sarrafa hoton, a aika shi ba tare da waya ba zuwa wani ɗan faifai da likita ya dasa a kan retina. Faifan yana da ɗigon ƙarfe 60, kowanne yana sakin lantarki kaɗan yana tayar da ƙwayoyin da ke kusa da shi.

Mu kwatanta: ɗigo 60 a madadin ƙwayoyi sama da miliyan 100. Shi ya sa masu na'urar ba sa gane fuska. Ɗige-ɗigen haske suke gani, kuma sai da horo na watanni suke iya gano ƙofa ko inuwar mutum. Mutane fiye da 350 aka dasa wa ita. A 2019 kamfanin ya daina ƙera ta, aka bar waɗanda take jikinsu cikin zullumin wa zai gyara idan ta lalace.

Akwai kuma iyaka. Dabarar tana buƙatar jijiyar ido mai rai, don haka ba ta amfanar wanda hawan jinin ido ya lalata wa jijiya. Yanar ido kuwa tiyata ce maganinta. Waɗannan biyun su ne kan gaba wajen makantar da mutane a Najeriya, shi ya sa zuwa asibiti da wuri ya fi jiran na'ura.

Gargaɗi: lantarkin da likitoci ke amfani da shi ɗan mitsitsi ne, an auna shi. Kada ɗayanmu ya gwada da batir ko waya, kuma mu guji murza ido da ƙarfi. Aikin da ya rage shi ne ƙara yawan ɗigon, kuma yana buƙatar wanda ya iya bayoloji da fiziks da lissafi tare.